ZAUREN SANI: Filtar Fetur, Ƙaramin Mai Gadi Mai Babban Aiki

Muna godiya ga dukkan waɗanda suka aiko mana da wasiƙu, da waɗanda kan tare mu a bakin masallaci ko a tashar mota su yi mana gyara ko tambaya. Allah ya bar zumunci.

A cikin wasiƙun da suka taru a hannunmu akwai guda uku masu kuka iri ɗaya, ɗaya daga Aboabo, ɗaya daga Nima, ɗaya kuma daga Bawku. Dukkansu masu tsofaffin motoci ne masu shan fetur, kuma abin da suke cewa shi ne: mota tana tashi da safe lafiya lau, tana tafiya cikin gari ba wata matsala, amma da zarar an ɗauki fasinja an fuskanci tudu, ko an taka totur za a wuce babbar mota, sai ta riƙa fizga tana shaƙewa kamar mai tari. Ɗayansu ma ya ce ya canja fulogi, ya canja kwayil, an wanke kafireta har sau biyu, kuɗi sun tafi amma ciwo yana nan.

To, mu dai ba bakanikai ba ne, alli da allo muka sani. Amma mun karanta littattafan da masu ƙera motoci kan haɗo da motocinsu, mun kuma zauna da iyayen gidan gareji a Suame Magazin, inda yaran zango da yawa ke koyon sana'a. Abin da muka fahimta shi ne, sau da yawa mai laifin wani ɗan abu ne wanda bai fi gwangwanin madara girma ba, kuɗinsa kuma bai kai na rabin tankin mai ba. Shi ne matacin fetur, wanda bakanikai ke kira filta. A kansa za mu yi magana yau.

MECE CE FILTA, MENE NE AIKINTA?

Da farko ya kamata mu bambance, domin filta uku ce a jikin mota. Akwai ta iska, akwai ta baƙin mai wadda ake canjawa duk lokacin da aka yi juye, sa'an nan akwai ta fetur. Biyun farko kowane direba ya san su. Ta ukun ita ce marainiya, ba mai tunawa da ita sai ranar da mota ta tsaya a daji.

Filtar fetur tana zaune ne a kan hanyar da mai ke bi daga tanki zuwa inji. In aka fasa ta, abin da za a tarar a ciki takarda ce ta musamman wadda aka naɗe ta ninki-ninki kamar mafici, domin a sami faɗi mai yawa a ɗan ƙaramin wuri. Mai yana shiga ta baki ɗaya, ya ratsa takardar, ya fita ta ɗaya bakin, dauɗa kuwa ta maƙale a baya. Aikinta ɗaya ne da na matacin koko a hannun uwar gida, sai dai ita ƙofofinta ido ba ya ganinsu.

Bari mu ɗan koma aji. In aka raba milimita ɗaya gida 1,000, kowane gida sunansa maikiron. Kaurin silin gashin mutum wajen maikiron 70 ne. Filtar motar injekta kuwa tana kama ƙurar da ba ta wuce wajen maikiron 10 ba. Dalili kuwa shi ne, ƙofofin da mai ke fita ta cikinsu a kafireta da injekta ƙanana ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya tana iya toshe su, tsatsa kuma tana cinye su a hankali.

Ga kuma wani ɗan lissafi. A ce motarka tana cin kilomita 10 da lita ɗaya. Kafin ta yi tafiyar kilomita 40,000 ta sha lita 4,000 ke nan, wato duro 20 masu cin lita 200. Duk wannan mai ta cikin ɗan gwangwanin nan ya bi. A tsofaffin motocin injekta ma abin ya fi haka, domin famfo yana tura mai fiye da bukatar inji, ragowar ya koma tanki ta wani bututu ya sake zagayowa. Ko da cikin kowane duro ɗan cokali ɗaya ne na dauɗa, ai ka ga abin da zai taru.

DAGA INA DAUƊA TAKE ZUWA?

Wani zai ce, ni a gidan mai nake shan mai, ina zan samo dauɗa? To, hanyoyinta suna da yawa.

Ta farko ita ce tankin kansa. Yawancin motocin da muke magana a kansu sun haura shekara ashirin, wasu talatin. Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, tun 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, aka kuma ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har 2006. Haka tsofaffin Datsun da Nissan Sunny da Toyota Corolla, da Tico da ta taɓa cika tituna a matsayin tasi. Tankunan irin waɗannan galibi na ƙarfe ne, ƙarfe kuwa abokin gabarsa ruwa ne. Duk lokacin da mai ya ragu a tanki, iska ce ke maye gurbinsa, iska kuwa tana ɗauke da laima, musamman a nan kudu. Da dare in gari ya yi sanyi, sai laimar ta zama raɓa a jikin tanki ta gangara ƙasa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita ɗaya ta fetur kuwa wajen kashi uku cikin huɗu na kilo, saboda haka ruwan ba ya gauraya da mai, kwanciya yake yi a gindin tanki yana haifar da tsatsa. Wannan ne ya sa direban da kullum galan ɗaya yake sha, tankinsa rabi da rabi iska, ya fi kowa fama da tsatsa.

Ta biyu ita ce ƙura. Kowa ya san yadda hunturu ke yi mana daga Disamba zuwa Fabrairu, balle mutanen Tamale da Bolga da Wa. Sai ka ga mota murfin tankinta ya ɓace, an cusa tsumma ko leda a madadinsa. Wannan tsumma ba ya hana ƙura, ba ya hana ruwan sama, shi kansa ma zarensa yana zuba a ciki.

Ta uku ita ce mazubi. In mai ya yanke wa mutum a hanya, sai a ari jarkar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira galan Kufuor, wadda jiya ruwa aka ɗebo da ita, shekaranjiya man gyaɗa ne a ciki, a yanke gorar roba a yi mazurari, a ɗura. Haka man da ake sayarwa a kwalabe a ƙauyukan da ba gidan mai. Direbobi na da kuma sukan guji shan mai a daidai lokacin da tanka ke sauke kaya a gidan mai, domin a lokacin ne lakar da ta kwanta a rijiyar ƙasa take motsawa.

Sai dai a lura, filta ƙura da tsatsa take kamawa. In an gauraya fetur da kananzir, ba abin da za ta iya, haka in ruwa ya yi yawa. Maganin wannan shi ne mutum ya san inda yake shan mai.

YADDA ZA KA GANE TA TOSHE

Filta ba ta toshewa rana ɗaya, a hankali take cika. Wannan ne ya sa alamunta ke ruɗa mutane. Lokacin da mota ke tsaye inji na silo, ɗan mai kaɗan take bukata, kuma ko filta ta kusa toshewa wannan ɗan kaɗan zai wuce. Amma in aka ɗauki kaya aka fara hawan Aburi, ko hawan dutsen Kwahu daga Nkawkaw, ko na Nakpanduri can arewa, inji yana neman mai ninkin-ba-ninkin, hanya kuwa ta ƙuntata. Nan ne za ka ji mota ta yi sanyi, ka taka totur ta ƙi amsawa, wani lokaci ta yi ta fizga har ta mutu. In ka dakata minti biyar ko goma ka sake tayarwa, sai ta tashi kamar ba ita ba, domin dauɗar da mai ya danna a jikin takarda ta ɗan saki. Ka yi gaba kaɗan, ta sake.

Wannan ita ce babbar alama: lafiya a tsaye, ciwo a kan tudu, sauƙi bayan hutawa. Ciwon fulogi ko wayoyinsa galibi ko a silo za ka ji inji na rawa yana tsallake. A motar injekta akwai ƙarin alama, wato kukan famfon mai. In ka ji wani zuuu mai ƙarfi yana fitowa daga wajen kujerar baya fiye da yadda ka saba ji, famfo ne ke wahala.

A nan ne asarar take. Famfon injekta na lantarki ne, yawanci a cikin tanki yake, kuma man da ke ratsa shi shi ne ke sanyaya shi. In filta ta toshe, yana ta turawa ba hanya, sai ya yi zafi, kwanansa ya ƙare da wuri. Kuɗin famfo kuwa ya ninka na filta sau da yawa, ga ladan bakanike, ga kuɗin janwe in a hanya abin ya faru, ga kwanakin da mota za ta yi ba aiki alhali mai mota yana jiran balas, yara kuma suna jiran kuɗin makaranta.

Ba mu ce duk motar da ta shaƙe filta ce ba. Famfon da ya tsufa yana ba da alamu irin waɗannan, haka salansar da ta toshe. Amma hankali shi ne a fara da mai araha kafin a je ga mai tsada.

KAFIRETA CE KO INJEKTA?

Kafin ka sayi filta, wajibi ne ka san irin motarka, domin a nan ne mutane ke jawo wa kansu gobara.

Motar kafireta, kamar Fijo da Datsun da Tico, famfonta a hankali yake tura mai. In muka auna da ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya, bai wuce fam 3 zuwa 6 ba. Filtarta 'yar ƙarama ce, sau da yawa ta roba mai haske wadda ake ganin mai a cikinta, tana cikin bonet a kan tiyo kusa da famfo.

Motar injekta kuwa, kamar yawancin Corolla da Primera da Astra na shekarun 1990 da aka riƙa saukewa a Tema da Takoradi, ƙarfin turin mai a bututunta yakan kai fam 35 zuwa 45. Wato ya fi iskar da ke cikin tayar motar, wadda take wajen fam 30. Wasu tsofaffin Opel masu injekta ɗaya tal nasu bai kai haka ba, amma duk da haka ya fi na kafireta nesa. Saboda haka filtar injekta gwangwani ce ta ƙarfe mai ƙwari. A Corolla da Nissan tana cikin bonet wajen bangon da ya raba inji da direba, a Astra kuwa tana ƙarƙashin mota kusa da tanki. Wanda ya ɗaura filtar roba ta kafireta a motar injekta, ranar da ta fashe fetur zai yi feshi a kan inji mai zafi. Allah ya kiyaye.

Motoci da yawa da aka ƙera daga wajen shekarar 2000 zuwa yau filtarsu tana cikin tanki haɗe da famfo. Waɗannan ba su cikin bayaninmu na yau, aikin bakanike ne.

In za ka saya, a Magazin ne ko Abossey Okai ko Kokompe, ka tafi da sunan mota da shekararta da girman injinta, in da hali ma da lambar da ke jikin tsohuwar filtar. Kada kwali ya ruɗe ka, domin masu jabu sun iya buga kwali. Ɗauki filtar a hannu ka ji nauyinta, ka girgiza ta, in ka ji wani abu na ƙara a ciki ka ajiye. Duba ɗinkin bakinta ko ya zauna daidai, ka kuma tabbata akwai kibiya ko rubutun da ke nuna mashiga da mafita. Filta ba a sayen ta hannu, ko da daga Jamus aka kwanto ta. Araha ba ta ado.

KAFIN A TAƁA SUFANA

Wannan sashe ya fi duk sauran muhimmanci, don haka muna roƙo a karanta shi sau biyu. Ba ruwan fetur ne ke kama wuta ba, tururinsa ne. Ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri fetur yana fitar da tururin da zai kama wuta, balle a zafin ƙasarmu. Tururin nan ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, bin ƙasa yake yi kamar ruwa, ya gangara kwata ko rami, ya tarar da wuta a inda ba ka zata ba, wutar kuma ta biyo shi ta dawo.

Saboda haka a yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, da rana, bayan inji ya huce sarai. A tabbata ba mai shan taba, ba kurfoti, ba fitilar kwai, ba mai walda a kusa. A gidajenmu na zango, inda ake ajiye mota a ƙofar gida mai koko na gefe da murhunta, sai an kula ƙwarai. A kori yara. A ajiye abin kashe gobara kusa, wanda yake da ma wajibi ne ya kasance a mota, ko bokitin yashi. Kada a watsa wa wutar fetur ruwa, domin fetur yana hawa kan ruwa ya bazu da wutarsa.

In sai an shiga ƙarƙashin mota, kada a dogara da jak kaɗai. A sa mata ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyi waigi. Bulon siminti ba abin amincewa ba ne, yana rugujewa ba sallama.

Kayan aiki kuwa su ne: sufanu, sukuddireba, filaya, tsummoki, kwano na tarar mai, kwalba mai haske, da tabarau na kare ido.

CANJIN FILTAR KAFIRETA

Wannan mai sauƙi ne, kowane direba zai iya. Cire kan batir mai alamar ragi. Dubi tsohuwar filta ka lura da inda kibiyarta ta fuskanta. Sa kwano a ƙasa, ka sassauta kilif na kowane gefe ka ja shi baya. Kada ka fizgi tiyo, murɗa shi za ka yi a hankali har ya saki. Toshe tiyon da ya fito daga tanki da ƙusa mai tsabta ko ka ɗaga bakinsa sama don kada mai ya yi ta zuba. Sa sabuwa, kibiya tana kallon wajen inji, domin hanyar mai daga tanki take zuwa inji. Mayar da kilif ka ɗaure, amma ba har ya yanka tiyo ba. In kilif ya yi tsatsa a sa sabo, kada a ɗaure da waya ko robar taya.

Goge duk man da ya zuba, ka mayar da kan batir, ka tayar. Za ta ɗan jima kafin ta kama, domin sai famfo ya cika sabuwar filta. A irin su Fijo kuma akwai wata 'yar rariya ta waya a cikin murfin famfon, ita wannan wanke ta ake yi a mayar.

CANJIN FILTAR INJEKTA

Nan sai an bi a hankali, domin ko an kashe mota tun jiya, mai yana iya kasancewa a matse cikin bututu. Wanda ya kwance noti kai tsaye zai sha feshi a ido.

Na ɗaya, a sauke matsin. Buɗe akwatin fis ka nemo fis ko rile na famfon mai, galibi akwai zane a bayan murfin akwatin. Cire shi, ka tayar da mota ka bar ta har ta mutu da kanta. Sake murɗa makulli na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar ya fita. Kashe, ka zare makulli.

Na biyu, cire kan batir mai alamar ragi, ka buɗe murfin tanki don iskar da ta taru ta fita, sa'an nan ka mayar da shi.

Na uku, goge jikin filta da bakunanta tas kafin ka kwance, don kada ƙasa ta faɗa cikin bututu a bayan filta, inda ba mai gadi kuma.

Na huɗu, kwancewa. Ɗaurin iri uku ne. A Nissan galibi tiyo ne da kilif. A Toyota noti ne, na sama wani ƙusa ne mai rami a ciki da washa biyu na jan ƙarfe. A nan sufana biyu ake sawa, ɗaya ta riƙe filta, ɗaya ta murɗa noti, in ba haka ba bututun ƙarfen zai murɗe ya karye, allura ta tono garma. Notin ƙasa kuwa yana da saurin lalacewa, a nemi sufanar da ta kama shi sosai. A wasu motocin Turai kuma ɗan maƙali ne na roba da ake matsawa a ja, shi ma in ya tsufa yana karyewa, kada a yi masa ƙarfi. Ko wane iri ne, a lulluɓe wurin da tsumma a sassauta kaɗan-kaɗan.

Na biyar, ɗaura sabuwa, kibiya wajen inji. Washa na jan ƙarfe sau ɗaya ake amfani da su, domin in aka ɗaure su sukan lotse su ɗauki siffar wurin, tsoho ba ya sake toshewa da kyau. Kowane noti a fara ɗaura shi da yatsu har ya shiga sosai kafin a sa sufana, don kada haƙoransa su hau juna.

Na shida, mayar da fis da kan batir. Murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ba tare da ka tayar ba, ka jira daƙiƙa uku, ka kashe. Yi haka sau uku. A yawancin motoci wannan yana sa famfo ya cika filta, a wasu kuwa sai inji na juyawa famfo ke aiki. Tayar da mota, ka bar ta tana silo, ka duba kowane maɗauri, ka shafa busasshiyar takarda a wurin. In ka ga ko ɗigo ɗaya, kashe nan take. Bayan ka ɗan zaga gari ka sake dubawa, gobe da safe ma haka.

Tun da hannu ya riga ya ɓaci, a duba tiyo. In ya bushe ko ya tsattsage a canja shi da tiyon fetur na ainihi, ba na ruwa ba. Mai kyau yana da rubutu a jiki: 30R7 na kafireta ne, 30R9 na injekta.

TSOHUWAR FILTA SHAIDA CE

Kada ka yi saurin jefar da ita. Juye man da ke cikinta ta bakin mashiga a cikin kwalba mai haske, ka ajiye ya kwanta. In ka ga ja-ja kamar garin jar ƙasa, tsatsa ce, tankinka yana ciwo, kuma sabuwar filtar ma ba za ta daɗe ba sai an sauke tanki an wanke. In baƙin gari ne, tiyo ne ke ruɓewa daga ciki. In ka ga wani abu ya kwanta a ƙasa ya rabu da mai, ruwa ne. In kuwa man ya fito garau kuma mota ba ta daina shaƙewa ba, to ciwon yana wani wuri, sai a sa bakanike ya auna ƙarfin famfo. Tankin da ya huje kuwa kada a kai wa kowane mai walda, domin tankin da ba mai a ciki amma cike da tururi ya fi cikakke haɗari.

DABARUN DA BA DABARU BA

Akwai abubuwa huɗu da muke gani a gareji da bakin hanya waɗanda ya kamata a bari.

Na farko, busa tsohuwar filta a mayar. Dauɗar ta shige cikin naman takardar, baki ba ya fitar da ita, injin iska kuma yaga takardar yake yi. Mota za ta tashi, direba ya yi murna, alhali yanzu ba abin da ke tacewa. Na biyu, juya ta baibai, wanda ke kwashe dauɗar shekaru ya tura ta cikin inji gaba ɗaya. Na uku, huda ta da ƙusa ko cire ta a haɗa tiyo kai tsaye. In dole ta sa aka yi haka cikin dare a tsakanin Kintampo da Buipe don a isa gari, to a gari na farko a sayi sabuwa. Abin takaici shi ne, dabarar dare ɗaya takan zama ta shekara.

Na huɗu, wanda ya fi damunmu a matsayinmu na malamai, shi ne zuƙo fetur da baki. Galibi ƙaramin yaron gareji ake sawa. Fetur in ya sarƙe mutum ya shiga huhu, ko kaɗan ne, yana ƙona huhun, yana iya kisa. In tsautsayi ya sa yaro ya haɗiya, kada a ba shi manja, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin wajen aman ne yake shiga huhu. A garzaya da shi asibiti. Muna kira ga iyayen gidan gareji, yaran nan amana ce iyayensu suka ba ku. Ɗan famfon roba na hannu ba shi da tsada.

YAUSHE ZA A CANJA?

Littattafan masu ƙera irin waɗannan motoci galibi suna faɗin tsakanin kilomita 30,000 zuwa 60,000, gwargwadon mota. Amma da tsohon tanki da ƙurar hanyoyinmu, gara a riƙi ƙaramin adadin. Tun da yake agogon kilomita na motoci da yawa ya daɗe da mutuwa, ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: motar gida sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce kafin damina ta kankama, motar haya kuwa sau biyu. A rubuta kwanan wata a jikin filtar ko a ɗan littafi a ajiye a mota. A sayi murfin tanki na kirki, a daina barin mai yana kaiwa gindi, mai doguwar tafiya kuma ya ajiye filta ɗaya sabuwa tare da kayan aikinsa. Wanda hannunsa bai saba ba, musamman a motar injekta, ya kai wa bakanike, amma ya tsaya a yi a gabansa, ya karɓi tsohuwar ya duba. Rigakafi ya fi magani.

Masu iya karatu a taimaka a karanta wa direbobi da yaran gareji da ba su samu dama ba. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba ruwan lagireto da dalilin da ke sa mota zafi a cunkoso. Mai tambaya ko gyara ya aiko ta ofishin wannan jarida kamar yadda aka saba. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.